Yadda Ake Gyaran Hoto a Burauza a Kan Laftop ɗin Makaranta

Laftop ɗin makaranta kusan kullum a kulle yake. Da ka yi yunƙurin saka wata manhaja, sai ya nemi kalmar sirrin mai kula da kwamfutoci, wadda ba ta hannun ɗalibi. Ga shi kuma aikin hoto ba ya ƙarewa: hoton fasfo na fom ɗin neman gurbin karatu a jami'ar KNUST da ke Kumasi, zanen darasin kimiyya da malam ya ce a turo masa, sanarwar walimar saukar Alƙur'ani a unguwar Aboabo ko ta wasannin makaranta a unguwar Asawase. Duk waɗannan ana yin su cikin Chrome ko Edge ba tare da an saka komai ba. Sai dai burauza ba ta riƙe aiki. Shafi ya rufe, aiki ya tafi. Saboda haka jerin matakai da yadda ake adanawa sun fi sanin maɓallai muhimmanci.

Wace manhaja za a buɗe

Photopea ce ginshiƙin wannan bayani. Ivan Kutskir, mai rubuta manhaja a ƙasar Cek, ya fitar da ita a 2013, kuma tsarinta ya yi kama da na Photoshop ƙwarai. Abubuwa uku suka sa ta dace da ɗalibi. Ba ta neman a buɗe asusu. Hoton da ka buɗe yana nan cikin laftop, ba a tura shi wani wuri. Sannan idan shafin ya gama buɗewa, ko intanet ya ɗauke aiki na ci gaba, muddin ba ka rufe shafin ba. Farashinta shi ne tallan da ke gefen dama, wanda ke cin wani yanki na ƙaramin allo.

Ta biyu ita ce Squoosh, wadda Google ta fitar a 2018. Aikinta ɗaya ne, rage nauyin hoto, kuma ita ma a cikin laftop take yi. Canva tana da kyau wajen sanarwa mai ado, amma tana buƙatar asusu da intanet mai ƙarfi daga farko har ƙarshe, kuma hotunanka suna hawa rumbunta. A ɗakin kwamfuta da ɗalibai arba'in ke rabon layi ɗaya, jira zai fi aiki yawa.

Idan makaranta ta toshe shafin, kada ka nemi zagayawa da VPN, wato manhajar da ke tsallake toshiya. Rubuta adireshin photopea.com da squoosh.app a takarda, ka kai wa malamin kwamfuta, ka gaya masa aikin da za ka yi. Buɗe adireshi biyu ba ya ɗaukarsa minti biyar. Kafin nan, Paint da Photos na Windows, ko Gallery na Chromebook, suna iya yanka hoto da rage girmansa.

Shigo da hoto daga waya

Yawancin hotuna a nan suke lalacewa, tun ba a fara gyara ba. Hoton da aka tura ta WhatsApp ta hanyar da aka saba, manhajar tana matse shi ta rage masa girma, kuma abin da ya zube ba ya dawowa. Idan dole ta WhatsApp za a bi, a danna alamar haɗa fayil, a zaɓi Document, sannan a nemo hoton. Ta haka yake isowa yadda kyamara ta ɗauke shi. Imel da Google Drive ma ba sa taɓa shi.

Kebul ya fi sauri kuma ba ya cin data. Haɗa wayar, ka ja sandar sanarwa daga sama, ka sauya daga caji kawai zuwa File transfer. Hotunan suna cikin foldar DCIM, ƙarƙashin Camera. Idan waya tana caji amma laftop bai gan ta ba, sau da yawa kebul ɗin ne: akwai masu araha da ba su da wayoyin ɗaukar bayanai a ciki. In za ka saya a shagunan Adum ko kasuwar Kejetia a Kumasi, ka ce na data kake so, a gwada a gabanka. Wasu makarantu kuma suna toshe ramukan USB da gangan saboda bairos, to nan sai imel.

Da hoton ya shigo, yi kwafinsa, ka yi aiki a kan kwafin. Umarnin Save na Photopea yana iya rubutawa a kan fayil ɗin da ka buɗe, asalin ya salwanta.

Lissafin da ke hana laftop sandarewa

Hoto ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo sunansa fiksel. Hoton megafiksel 12 yana da fiksel 4000 a faɗi da 3000 a tsayi. A cikin folda nauyinsa bai wuce megabait 3 ko 4 ba, domin JPG a matse yake. Amma da an buɗe shi don gyara, kowane fiksel yana cin bait 4 na memori, wato megabait 48 ga shimfiɗa ɗaya (Layer, kamar takarda ɗaya cikin waɗanda ake jerawa a aikin hoto). Hoton megafiksel 50, irin wanda wayoyin Tecno da Infinix na yanzu ke iya ɗauka, yana cin wajen megabait 200. Ƙara shimfiɗa biyar, ga tarihin matakan da manhajar ke riƙewa don komawa baya, a laftop mai RAM gigabait 4 wanda Windows ta riga ta cinye fiye da rabinsa. Ƙarshenta Chrome ya nuna Aw, Snap!, wato saƙon cewa shafin ya mutu, kuma aikin awa guda ya tafi.

Maganin shi ne a rage hoto tun farko zuwa girman da aikin ke buƙata. Danna File, Open, ka zaɓi hoton. Shiga Image, Image Size. Tabbatar alamar sarƙar da ke tsakanin faɗi da tsayi a haɗe take, in ba haka ba fuska za ta miƙe ko ta baje. Ga hoton da za a saka a Word ko PowerPoint, fiksel 1600 a gefe mafi tsawo ya wadatar. Rufe sauran shafukan burauza, musamman YouTube.

Ragewa zuwa girman da aikin ke buƙata ba ta dishe hoto, ƙarawa ce ke yi. Hoton fiksel 300 da aka ja zuwa 2000 ba ya samun sabon bayani, dishi-dishi kawai yake yi.

Maɓallai uku kuma suna yaudarar wanda ya saba da Photoshop, domin burauza ce ke karɓe su kafin su kai ga manhajar. Ctrl da T yana buɗe sabon shafi, Ctrl da N sabuwar taga, Ctrl da W kuwa yana rufe shafin da kake aiki. A Photopea sauya girman abu Alt da Ctrl da T ne, sabon aiki Alt da Ctrl da N. Shi kuwa W, nisanta yatsanka daga gare shi idan ɗayan yana kan Ctrl.

Hoton fasfo na fom

Wannan ne aikin da aka fi nema, kuma shi aka fi bari sai daren da za a rufe shafin rajista. Ba a fafe gora ranar tafiya. Fara da karanta ƙa'idar fom ɗin: girman da ake so, launin bango, irin fayil, da iyakar nauyi a kilobait. Kowace hukuma da tata, kuma tata ce ke aiki, ba abin da aboki ya yi bara ba.

Rabin aikin wajen ɗauka yake. Tsayar da mutum taku ɗaya gaban farin bango, kada ya jingina, don inuwarsa ta faɗi ƙasa. Haske ya zo daga gabansa, kamar a baranda da safe ko bayan la'asar. Idan taga tana bayansa, kyamara za ta auna hasken tagar, fuska ta yi duhu. Mai ɗauka ya ja baya kamar mita ɗaya da rabi, waya daidai tsayin ido. Hoton da mutum ya ɗauki kansa da hannu yana kumbura hanci saboda kusanci. Mai hijabi ta sa mai launin da ya bambanta da bango, fuska a buɗe daga goshi zuwa haɓa. Farin hijabi a gaban farin bango yana narkewa cikinsa.

A Photopea, danna C don kayan yanka. A sandar sama sauya Free zuwa Fixed Ratio, ka rubuta 35 da 45, wato awon hoton fasfo da aka saba na milimita 35 da 45. Ja akwatin har kan mutumin ya cika kamar kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na tsayinsa, da ɗan fili a sama, idanu a kan layi ɗaya. Danna Enter. Sannan Image Size: faɗi 413, tsayi 531, DPI 300, wato fiksel 300 a kowane inci. Daga ina lambobin suka fito? Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Raba 35 da 25.4 ka ninka da 300, za ka samu 413. Haka 45 ke ba da 531. Wanda ya riƙe wannan lissafi zai iya fitar da kowane awo da kansa.

Gyaran haske da Levels ake yi, Ctrl da L. Za ka ga zane kamar tsauni da ƙananan alamomi uku a ƙarƙashinsa: baƙa a hagu, ta tsakiya, fara a dama. Ja farar zuwa hagu har ta taɓa gindin tsaunin, bango zai yi fari. Ja ta tsakiya kaɗan zuwa hagu, lambar ta tashi daga 1.00 zuwa wajen 1.20, inuwar fuska za ta buɗe. Tsaya nan. Manufa ita ce a ga fuska sarai, ba a sauya launin fata ba. Baƙar fata da aka yi wa hasken da ya wuce kima tana komawa toka-toka, kuma mai duba katin jarrabawa yana son ya ga wanda ke tsaye a gabansa. Saboda wannan dalili kada a goge tabo, zanen gado ko wata alamar fuska a hoton hukuma.

Idan bangon bai yi ba, akwai Select, Magic Cut. Ka shafa kore a kan mutum, ja a kan bango, manhajar ta raba su. Bayan haka ka yi sabuwar shimfiɗa a ƙasa, ka cika ta da fari ta Edit, Fill. Zuƙo hoton zuwa kashi 200 ka duba gefen kunne, gashi da kafaɗa, nan ne ragowar tsohon bango ke maƙalewa. Gaskiya dai, sake ɗaukar hoto a gaban bango mai kyau ya fi wannan sauri da tsafta.

Fitarwa: File, Export as, JPG. Akwai ma'aunin Quality, kuma tagar tana nuna nauyin fayil yayin da kake jan sa. Fara daga kashi 80. Hoto mai wannan awo yawanci yana sauka ƙasa da kilobait 100 ba tare da ido ya ga bambanci ba. Idan ka sauke Quality ƙasa da kashi 50, ƙananan murabba'ai za su fara fitowa a kumatu da bango. In har yanzu nauyi ya wuce iyaka, jefa hoton cikin Squoosh, ka zaɓi MozJPEG, ka ja layin tsakiya don kwatanta asali da matsattse.

Shafin rajista yakan ƙi hoto saboda ƙananan abubuwa: fayil PNG ne ko WEBP alhali JPG ake so, ko HEIC na iPhone, ko sunan fayil yana da tazara da alamomi. Sauya ƙarshen suna da hannu daga png zuwa jpg ba ya sauya abin da ke ciki. Sai an sake fitarwa. Suna kuma gajere da ƙananan haruffa, kamar fasfo2.jpg.

Ga mai son na takarda, buɗe sabon aiki mai faɗi 1800 da tsayi 1200 a DPI 300, wato takardar hoto ta inci 6 da 4. Hotuna takwas ke shiga, huɗu a jere sau biyu. Ctrl da J yana kwafin shimfiɗa, V yana ba ka damar jan ta. A shagon bugawa ka ce a buga a ainihin girmansa, kada a zaɓi Fit to page, domin shi ne ke ɓata awo.

Mayar da shafin littafi kamar an yi masa sikan

Shimfiɗa littafin a wuri mai haske ba cikin rana kai tsaye ba, ka ɗauka daga sama, ka kula da inuwar hannunka. A Photopea danna ka riƙe alamar kayan yanka har Perspective Crop ya fito. Sa kusurwoyinsa huɗu a kan kusurwoyin takardar, danna Enter, karkataccen shafi zai miƙe. Cire launi ta Image, Adjustments, Desaturate, sai dai in zanen yana buƙatar launinsa. Sannan Levels, wannan karon da ƙarfi: farar alama zuwa hagu har takarda ta yi fari fat, baƙar zuwa dama har rubutu ya yi baƙi. Zanen fensir yana da rauni, idan ka matsa farar da yawa siraran layuka za su ɓace, don haka idonka ya kasance a kansu. Faɗin 1240 da tsayin 1754, wato A4 a DPI 150, ya isa karatu a allo. Fitar da shi JPG ko PDF, gwargwadon abin da malam ya nema.

Sanarwa da haruffanmu

Tun ran gini ran zane: yanke shawarar inda sanarwar za ta kafin ka buɗe aiki. Ta Status na WhatsApp fiksel 1080 da 1920 ce. Ta bugawa a A4 kuwa 2480 da 3508 a DPI 300. Idan laftop yana nishi, 1654 da 2339 a DPI 200 ma yana fita lafiya a firintar ofis.

Shigo da hotuna ta File, Open & Place, don kowanne ya zauna a shimfiɗarsa. Shimfiɗu kamar takardu ne masu gani-har-hanji da aka jera, na sama yana rufe na ƙasa. Idan rubutunka ya ɓace, galibi yana ƙarƙashin hoto ne, sai ka ja shi sama a jerin Layers. Idan kuma kana jan abu wani daban yana motsi, ba shimfiɗar da kake nufi ka zaɓa ba. Ba kowace suna, danna biyu ne kawai a kan sunanta.

Danna T ka rubuta. Girman rubutu a nan da fiksel ake auna shi, shi ya sa 12 da ka saba da shi a Word yake fitowa kamar ƙwayar gero. A DPI 300, rubutu mai girman 12 na Word daidai yake da fiksel 50, kanun labari mai girman 48 kuma fiksel 200. Bar fili na fiksel 120, kimanin santimita ɗaya, a kowane gefe, domin yawancin firintoci ba sa bugawa har bakin takarda. Salon rubutu biyu sun isa. Abin da mai wucewa ke nema shi ne mene ne, yaushe, a ina, to waɗannan su fi komai girma.

Sai matsalar da ta shafe mu kai tsaye. Salon rubutu da yawa na ado ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, haka ma ɛ da ɔ na Asante Twi idan sanarwar harshe biyu ce. Sai ka ga akwati fanko, ko harafi ɗaya ya fita daban a tsakiyar kalma. Wasu sukan gudu su rubuta k a gurbin ƙ, alhali ƙofa ba kofa ba ce, ɓata kuma ba bata ba. Bai kamata a miƙa wuya a nan ba. DejaVu Sans, Noto Sans da Andika duk suna da waɗannan haruffa. Kafin ka ƙaunaci wani salo, gwada shi da kalmomi kamar ɗalibi, ƙarfe da ɓera, manya da ƙanana. Idan kibod ɗin ba ya fitar da su, rubuta a waya da Gboard na Hausa, ka tura wa kanka, ka kwafa ka liƙa. Ga Larabci a nemi Amiri ko Noto Naskh Arabic, kuma a kai wa malamin makarantar allo ko na Islamiyya ya duba kafin bugawa, cewa haruffa sun haɗu kuma suna tafiya daga dama. Aya ko addu'a da haruffanta suka warwatse ba abin liƙawa a bango ba ce.

Salon rubutu daga intanet Photopea ke ɗauko shi a lokacin da ka zaɓa. Idan layin makarantar mai yankewa ne, zaɓi salonka tun yana nan.

Allo yana fitar da haske, takarda ba ta yi, don haka bugu kullum ya fi abin da ka gani duhu. Buga kwafi ɗaya ka duba kafin ka biya kuɗin hamsin. Bango fari ko mai haske kuma ya fi baƙi sauƙin tawada.

Hoton wa, da izinin wa

Hoton da ya fito a binciken Google yana da mai shi. Wikimedia Commons, Unsplash da Pexels suna da waɗanda aka yarda a yi amfani da su, kuma idan lasisin CC BY ne, dole a rubuta sunan mai hoton. Hoton ɗan ajinku kuwa sai da yardarsa. Ɗora kan wani a jikin wani don a yi dariya a rukunin aji yana iya bin yarinya har gida da unguwa, kuma a Zango kowa ya san kowa. Dokar tsaron intanet ta Gana ta 2020, mai lamba 1038, ta haramta yaɗa hoton tsiraicin yaro da na kowa ba da yardarsa ba. Shafukan cire bango irin remove.bg suna ɗora hoton a rumbunsu, to katin shaidar ɗan ƙasa na Gana, takardar haihuwa da sakamakon jarrabawa kada su bi ta can.

Adanawa

Fayil biyu ake ajiyewa. Na farko uwar aiki, ta File, Save as PSD, wadda ke riƙe shimfiɗu da rubutun da za a iya sauyawa. Na biyu wanda za a miƙa: JPG ga hoton kyamara, PNG ga tambari da duk abin da ba shi da bango, domin JPG ba ya riƙe fili fanko, cike shi yake yi da launi. Idan aka ɗage ranar taro, PSD za ka buɗe ka sauya kwanan wata cikin minti ɗaya. Mai JPG kaɗai sai ya sake daga tushe, kuma duk buɗewa da sake adana JPG yana ƙara rage masa kyau.

Adana PSD da zarar ka fara, sannan duk bayan minti goma, da lamba a suna: sanarwa1, sanarwa2. Batirin laftop ɗin makaranta sau da yawa ya gaji, wuta ta ɗauke ya mutu nan take. Komawa baya da Ctrl da Z ma yana da iyaka, matakai 30 ne a Photopea ta kyauta.

Kada ka amince da foldar Downloads. Makarantu da yawa suna saita kwamfuta ta goge duk sabon abu idan aka kashe ta, kuma shiga Chromebook a matsayin baƙo yana share fayiloli da an fita. Ko ba a goge ba, ɗalibin da zai zauna bayanka zai ga hotonka. Minti biyar kafin a buga ƙararrawa, kwafe fayilolin biyu zuwa Google Drive ko filash, ko ka tura wa kanka ta imel. Buɗe kwafin ka tabbatar yana aiki. Idan filash ya nuna foldojinka sun koma gajerun hanyoyi masu ƙaramar kibiya, bairos ne, kada ka danna su, kai wa malamin kwamfuta. Daga nan goge hotunanka daga Downloads da Recycle Bin, ka fita daga Gmail da WhatsApp Web, sannan ka rufe laftop.